Allurar Man Gyaɗa

Kafin in lalace, ni ɗan dako ne a bakin ruwan Yelwa, ina sauke buhunan albasa da kwandunan banda daga jirage. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Da yamma mukan taru bayan tasha mu ɗaga ƙarfe, wato bututu da aka daskarar wa siminti gefe da gefe. Ƙirjina ya buɗe, aka fara kirana Bijimi, ni kuwa kaina ya fashe.

Sai jikin ya tsaya cak. Na ƙara nauyi, na ƙara ƙwai da wake, damtsena ya ƙi gaba. Wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Wara ya dube ni ya ce, "Wanga jiki naka ya ƙoshi da tuwo, allura shika so." Ya miƙo mini 'yar kwalba mai ruwa kamar mai. Cikin 'yan watanni na kumbura, ƙuraje suka feso mini a baya, abu kaɗan sai in hau mutum da duka. Da jikin ya sake tsayawa na ninka allurar, na kuma fara sayar wa abokaina, ina ce musu daga Turai take.

Ana nan mai maganin ya ɓace, masu saye suka matsa mini. Na lura kalar maganin ɗaya ce da man gyaɗa. Na tsinto tsofaffin kwalabe, na ɗura musu mai.

Cikin waɗanda suka zo har da Isa, ɗan ƙanwar Inna, masunci daga Shanga. Ya ce, "Yaya, ni ma a yi mani, in hi kowa jefa ragar birgi." Na san abin da ke cikin kwalbar. Amma in faɗa masa gaskiya a gaban mutane, asirina ya tonu. Na soka masa a damtsen dama.

Hannun ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. Da ya nuna mini, na ce tsoka ce ke tashi, ya daure. Ya kuwa daure, don ya yarda da ni. Wannan ƙaryar ta fi komai ci mini rai. Ko da aka kai shi asibiti, sai dai aka yanke hannun daga kafaɗa.

Asirina ya tonu, alƙali ya tura ni gidan yari. A can naman ya zube, ciwon hanta ya kama ni, na koma ga Allah ina kuka.

Da na fito, na tarar da Isa a bakin ruwa, ya danne raga da yatsun ƙafa yana ɗinki da hagu. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Yaya, ka rame. Ka ci abinci?"

Samari, idan jikinku ya tsaya, ku bar shi inda Allah ya tsayar da shi. Kada ku yarda kowa ya soka muku abin da likita bai rubuta ba, ko da ɗan'uwanku ne. Isa ya yafe mini, amma har yau matarsa ce ke ɗaure masa tazugen wando kowace safiya.