Koren Fenti a Kan Ƙofar da Ta Kashe Yayana

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau ban ji mutum ɗaya a cikin danginmu ya faɗi abin da ya kashe shi ba. A zaman makoki an ce ajali ne. A masallacin layinsu da ke Bani Malik, a nan Jidda, an ce ƙaddara ce. Ni ma Musulma ce, na san ba mai wuce ranarsa. Amma ƙofar garejin gidansa ce ta faɗo masa a wuya, kuma ƙofar tana nan a rataye inda ya bar ta. An hore mu da mu riƙa ambaton mamatanmu da alheri, shi ya sa na haɗiye maganar nan tsawon shekarun. Yanzu 'yarsa Maryam ce ke shiga tana fita a ƙarƙashin ƙofar safe da yamma, don haka shiruna ya ƙare.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Yaya Sanusi direba ne, kusan duk rayuwarsa a bayan sitiyari ya yi ta. Hannunsa a buɗe yake. Baƙo in ya sauka daga Sudan ko daga Kano bai san kowa ba, gidan Yaya ake nuna masa, ya ci ya sha har Allah ya daidaita masa zama. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe ni har ya aurar da ni. Duk wannan ban manta ba. Sai dai tun da na yi wayo ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Tunda ya iya canza taya da giyar mota, a ganinsa duk ƙarfen da ke duniya ɗan gidansu ne.

Masu karatu daga gida za su yi dariya in suka ji ana maganar sanyi a Jidda, don abin da muke kira sanyi ko rigar sanyi ba ya sa mutum nema. Amma lokacin yana zuwa da abu biyu. Shi ne kaɗai lokacin da za a iya zama a waje ba tare da gumi ya jiƙa mutum sharkaf ba, kuma shi ne lokacin ruwan sama, wanda ba ya sallama, sai dai a wayi gari titi ya zama kogi. Duk shekara iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe a hankali, ruwan kuma ya zo ya ƙarasa. Ƙofofin garejin nan na ƙarfe ne, masu naɗewa su shige wani akwati a sama. A cikin akwatin akwai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma, shi ke ɗauke da nauyin ƙofar gaba ɗaya. In ya tsinke, ba ƙaton da zai iya tare ta. Shi ya sa masu hankali, kafin ruwan farko, suke kiran mai aikin ya buɗe akwatin ya duba ko tsatsa ta ci sifirin, ya share yashin da ya taru a hanyar da ƙofar ke bi ta gefe, ya sa mata ɗan mai mara kauri.

Yaya kuwa yana da nasa tsarin, kuma biki ya mai da shi. Ranar Juma'ar farko ta sanyi, bayan la'asar, sai ya fitar da mota, ya jawo tiyo, ya wanke ƙofar da garin sabulu tun daga ƙasa har sama, yana watsa ruwan cikin akwatin da bai taɓa buɗewa ba. Sai ya ɗauko baƙin man da aka juye daga injin mota ya ɗura a hanyar gefen. Yashi ya bi man ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. In ta bushe ya shafe ta da koren fenti, har da inda tsatsa ta fara ɓulowa. Daga nan a shimfiɗa darduma a cikin garejin, a kawo shayi da dabino, abokansa su cika wurin, haka za a yi ta zama kowace yamma har zafi ya dawo. Da ƙofar ta daina tsayawa a sama da kanta, sai ya samo wani dogon katako ya tokare ta.

Na yi masa magana. Wata yamma na kai musu shayi, aka ɗan taɓa katakon, ƙofar ta yi wani ƙugi. Na ce, "Yaya, don Allah a kira mai gyara ya buɗe saman nan ya gani."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Khalas, ya isa haka, Hadiza. Shekara nawa ina cin abinci da ƙarfe? Yalla, je ki ƙaro mana na'ana'a."

Abokansa suka kwashe da dariya. Wani a cikinsu har yana cewa wannan ƙofa sai ta binne mu duka. Waɗannan mutane su ne ban yafe wa ba, kuma ba na jin zan yafe nan kusa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. A cikinsu akwai mai walda, akwai wanda ya tsufa a aikin gini. Kowa yana jin kukan ƙofar nan, kowa kuma in zai shiga sai ya sunkuya ya yi sauri, na gani da idona. Amma shayin kyauta ya fi musu gaskiya daɗi, ba wanda ya so ya ɓata wa mai gida rai.

An kwana ana ruwa, da safe Yaya ya fito zai tafi aiki. Ya ɗaga ƙofar ya sa kafaɗa ya riƙe ta, ya miƙa hannu zai jawo katakon, sifirin ya tsinke. Maƙwabta sun ce sun zaci tukunyar gas ce ta fashe. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti bai ƙara magana ba, sannan ya cika. Da aka sauke akwatin daga baya, mijina ya ce sifirin ya zama ja wur, in ka murza shi da yatsa sai ya zubo kamar gari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo ya ga Jiddar yau. Unguwanni da yawa da yake ratsawa da mota ido rufe, rusau ya share su. Layinsu dai an tsallake shi, kuma Allah ya yafe mini, akwai ranar da na yi fatan katafila ta shigo ta ɗauke garejin nan kaɗai ta bar gidan. Maƙwabcinsa da yake yi wa ba'a yanzu daga cikin mota yake danna maɓalli ƙofarsa ta tashi. Maryam, wadda ya ce ko keke ba za ta hau ba, ita ke tuƙa kanta zuwa shagon maganin da take aiki. Na san wannan zai sa ya ɗaure fuska ya yi mako bai yi mata magana ba. Abu ɗaya ne zai faranta masa rai, shi ne ɗansa Bashir.

Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba a ce ya gaji har da taurin kan ba. Bayan an yi arba'in, Bashir ya ƙi a canza ƙofar. Ya kira abokin uban nan mai walda ya liƙe sifirin da ya tsinke, aka mayar da shi, aka mayar da katakon. Kowace shekara in sanyi ya shigo sai ya jawo tiyo, ya ɗura baƙin mai, ya shafa koren fenti, daidai yadda ya ga ana yi. Sannan ya dafa shinkafa da rago ya tara mutanen nan a yi wa mamaci addu'a, a cikin garejin, a ƙarƙashin ƙofar da ta karya masa wuya. Shi motarsa babba ce, ba ta shiga garejin, a bakin titi take kwana. Maryam ce ke sa kafaɗa ta ɗaga, ta jawo katakon ta tokare, ko rana ɗaya ba fashi.

Makon jiya aka yi ruwan farko na bana. Washegari Maryam ta shigo gidana a Madain Fahd da abayarta duk baƙin mai. Tana ja da baya da motar katakon ya zame, ƙofar ta sauko ta lotsa rufin, saitin inda kanta yake. Da a ce ba a cikin motar take ba, da ba wannan rubutun nake yi ba. Ko mayafina ban gyara da kyau ba na sa mijina ya kai ni Bani Malik. Na tarar da Bashir a tsaye da gwangwanin fenti, yana shafe inda ƙofar ta goge.

Na ce, "Bashir, sai ta kashe mutum na biyu za ka yarda?"

Ya ce, "Ya Amma, haba Gwaggo, hada bab abuya. Ƙofar babana ce, hannunsa yana jikinta. Kuma alhamdulillah ba abin da ya sami Maryam. In na cire ta, me zan ce wa su Ammu, abokan Baba? In ce Baba bai san abin da yake yi ba?"

Ga gaskiyar maganar nan ta fito. Ba rashin hali ne ba, don mijina ya ce zai kawo masu aikin da kansa Bashir ya ƙi. Yaron nan ya gwammace ƙanwarsa ta riƙa saka wuyanta a ƙarƙashin ƙarfe da a ce ubansa ya yi kuskure a gaban tsofaffin da suka zuga shi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ce ƙanwar mamacin uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na faɗa: Yaya Sanusi bai san aikin ƙofa ba. Direba ne nagari, mai kyauta ne, amma ruwan da ya riƙa watsawa da man da ya riƙa ɗurawa su suka ci ƙofar nan, fentin kuma ya rufe masa ido.

In na auna abin da ya rage na Yaya, raina ɓaci yake yi. Baƙin da ya sauke sun watse, wasu ko sunansa ba sa tunawa. Gidan da a da ba a rufe shi ga kowa, yanzu sau ɗaya a shekara ake dafa wa mutane abinci a cikinsa. Alherinsa ya bi shi kabari, ina roƙon Allah ya sa ya tarar da shi a can, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Abin da aka adana masa a duniya, ake wankewa ana shafa wa fenti duk shekara, shi ne mafi munin halinsa.

Juma'a mai zuwa za a yi zaman addu'ar bana. Ba zan je ba, ba zan aika da ko faranti ɗaya ba. Ku kuma abokansa, na san akwai mai karanta muku jaridar nan. Duk wanda ya sunkuya ya shige ƙarƙashin katakon nan ya zauna ya ci shinkafa bai ce uffan ba, ya sani ina ganinsa.

Kai kuma Bashir, ka saurare ni. Ubanka maza ne suka wanke shi, Allah ya rufa mini asiri ban ga yadda ƙarfen ya yi da wuyansa ba. Maryam mace ce, mahaifiyarku kuma ta riga mu gidan gaskiya. In ƙofar nan ta sake saukowa, ba kai za a kira ba, ba kuma abokan ubanka ba. Ni za a miƙa wa ruwa da sabulu a ce in shiga in wanke ta.