Tsohuwar da Ta Ishi Kumandan

"Baba, kana ta maimaita zancen nan ad nauseam!" in ji ɗiyata jiya. Wai Latin ne: nanata magana har ta tayar wa mai ji da zuciya.

Na ce, "Kalmar ta riga ki shiga gidan nan."

Farkon mulkin Faransa a Matamaye, an tafi da ɗan kakar mahaifina aikin dole. Duk inda kumandan, Baturen mulki, ya sauka rangadi, Tsauni ko Yauri, sai ya iske tsohuwar tana cewa: "A ba ni ɗana."

Ran nan ya dafe kai: "Ad nauseam!"

Tafinta ya ce, "Inna, wai kin ishe shi."

"To, ya ba ni ɗana ya huta."

Aka sako shi. Shi ya haifi mahaifina.

Da ta ji kunyar maimaitawa, da babu ni. Ku fa, nacin wa ya tsaya muku?