Yaya Mamman da Soron Ɗinkinmu na Gwale

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Mamman Tela. Allah ya jiƙansa. Bana ɗana ne ya tuna mini da shi. Yana shugabantar ma'aikata a wani kamfanin ɗinki, ya zo yana kukan cewa dattawan wurin sun ce yara ba su da ladabi, yaran sun ce ba a jin tasu, kullum sai wani ya ajiye aiki. Yana magana, hankalina yana can soron gidanmu na Gwale, 'yan shekaru kafin mu samu mulkin kai.

Yaya ya gaji soron ɗinkin mahaifinmu bai daɗe da aure ba. A ƙarƙashinsa akwai dattawa masu aikin hannu, waɗanda suka halarci sunansa. Akwai kuma mu samari, da muka matsa masa sai da ya sayo keken ɗinki. Aka ajiye keken a bakin ƙofa, inda haske yake, dattawa suka koma ƙurya da tabarminsu. Daga nan hira ta rabu biyu.

Wata safiya babbansu, Baba Ɗanladi, gwanin aikin wuyan riga, ya aiko cewa ya daina zuwa, ƙarar keke tana sa masa ciwon kai. Sauran suka ce in ya tafi su ma sun tafi. Ga sallah ta matso, ga rigunan mutane jibge. Ni ma na riga na gaya wa Yaya zan koma Fagge, inda ake ɗinka wando da shat irin na ma'aikatan ofis.

Yaya ya ce in raka shi gidan Baba. Muka tarar da shi a ƙofar gida, yana ta kai zare kafar allura yana kuskurewa. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kau da kai daga allurar kamar bai gani ba.

"Baba, ƙarar keken ce kawai?"

Tsohon ya ajiye allurar. "Mamman, ni na koya maka riƙe allura. Yanzu in roƙi yaran nan su sa mini zare?"

"Ba za ka roƙi kowa ba, Baba. Ka dai zo gobe."

A ranar Yaya ya kira magini ya fasa taga a bango, aka mayar da keke ƙarƙashinta. Da Baba ya zo, ya tarar da tabarmarsa a bakin ƙofa, da allurai a soke a gefenta, kowacce da zarenta. Haka Yaya ya riƙa riga kowa shigowa yana yi, har Baba ya bar duniya. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Ni kuma Yaya ya ce mini, "Bayan la'asar keken naka ne, ɗinka shat ɗinka a nan. Amma duk abin da ka haɗa, Baba ya duba kafin ya fita." Ban je Fagge ba. Kafin shekara ta zagayo, Baba da kansa ya hau keken ya taka, ya ɗinke hannun rigarsa da yadin, ya fi kowa dariya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da wuraren aikin yanzu, inda mutum zai ce zai tafi a karɓi dalilin da ya bayar ba a bi shi gida ba. Ina jin ba zai ce komai ba, takalmansa zai saka.

Soron ya zama kantin kayan masarufi, keken ma ban san inda ya shiga ba. Abin da ya rage mutane ne. Ranar da Yaya ya rasu, teloli suka cika layinmu, masu furfura da waɗanda ko gemu ba su yi ba. Da aka kawo yadin likkafaninsa, tsofaffin suka auna suka yanka, suka miƙa wa yaran suka ɗinka. Ba wanda ya tsara musu haka.