Jaririn Yumɓun Tsoho Dou

Duk ƙauyenmu babu wanda ya kai Tsoho Dou Mancang yawan 'ya'ya. Sun fi dubu ɗari, na rantse, sai dai duk na yumɓu ne. Shekara hamsin yana murza jarirai kamar babban yatsa, yana kaiwa ɗakin bautar Uwa Nuwa, wadda ta gina mutanen farko da laka. Da bakinsa yake cewa ranar da ta gaji, ta koma yarfa laka da igiya, ran nan aka samo shi, shi ya sa hancinsa ya karkace.

Mai neman haihuwa takan ɗaura wa jariri ɗaya jan zare, ta rungumo shi, tana kiran sunansa har gida. Ba waiwaye, ba amsa wa kowa. Haka marigayiya matar Dou ta yi, sai dai a bakin gada gogan naku ya tambaye ta ina mabuɗi, ta kuwa amsa. An haifi ɗansu Jinsuo lafiya lau. Amma yau shekara goma sha ɗaya da tafiyarsa aikin masana'anta a kudu, ko bikin sabuwar shekara ba ya zuwa. Dou ya ce mabuɗin nan ne ya jawo.

Bana sai ga shi a layin mata, da gemunsa, da jan zarensa. Ya ɗaure jariri, ya kamo hanya.

"Jinsuo, taho gida. Jinsuo, ga gada, yi a hankali."

Gari ya kwashe da dariya. Mai awara ya leƙo: "Yaya Dou, cikin wata nawa ne?" Karnukan ƙauye uku suka rufa masa baya. Ko kallo.

Daf da ƙofarsa, maƙwabciyarsa Inna Lu, gwauruwa mai zafin barkono, ta tare shi da kwanon taliya yana tururi. Tun rasuwar matarsa ba wanda ya taɓa kiransa cin abinci. Ita kuwa ta san al'adar sarai.

"Kai tsohon banza, na dafa da yawa. Ajiye lakar nan ka shigo mu ci. Sau ɗaya nake faɗa."

Ya tsaya cak. Ya dubi ƙofarsa. Saura taku bakwai.

"Jinsuo," ya ce, "mun kusa."

Ta buga ƙofa har kaji suka watse. Shi kuma ya shiga, ya zaunar da jaririn a kujerar da ke fuskantar tasa, ya hura wuta, ya auna gero na mutum biyu.