Baƙin da Suka Sauka a Ƙwaryar Nono

A ƙauyenmu da ke bayan Zakirai, lokacin cirar gyaɗa ne kakarmu Iya ta fi yi mana tatsuniya, kuma a lokacin ne ta fi gajiya. Bayan magariba takan miƙe ƙafafu a bakin murhu, mu tura kara a wuta, ta ce, "To ga ta nan, wanda ya yi surutu na fasa."

Akwai wadda ba na mantawa. Wasu baƙi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu, suka roƙi wata mata masauki a ƙwaryar nononta. Ta yi dariya ta ce, "Ku ɗin nawa ne? Ku shiga." Babban ɗanta ya kurɓi kaɗan da sassafe ya tafi gona, ko ciwon kai bai yi ba. Rana ta take, ƙwarya ta ɗau zafi, baƙi suka hayayyafa har jikoki. Da la'asar ƙaramin ya dawo daga kiwo da ƙishirwa, ya shanye tas. Kafin dare ya kasa tsayuwa.

"Iya, ya warke?" in ji yayata Hajara.

"Ban sani ba, bayana ciwo yake," in ji Iya. "Ku dai tambayi kanku, nawa ya sha, kuma tun yaushe ƙwaryar take ajiye."

Yanzu ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a yankin Gezawa. A makaranta an zana mana wannan magana a allo, yadda haɗarin kamuwa yake hawa da yawan ƙwayoyin cutar da suka shiga ciki da tsawon lokacin da suka samu. Na iya ta sosai, amma ba ta rage mini layin masu amai da gudawa duk damina ba.

Makon jiya wata uwa ta kawo 'yarta a galabaice, ta riƙe mini hannu. "Malama, kunun nan duk gidan muka sha. Me ya sa ita kaɗai?"

Na tambaye ta yaushe yarinyar ta sha. Ta ce sai da yamma, ragowar ce, ita ta ajiye mata don ta fi kowa son kunu.

Na rataye ledar ƙarin ruwa, na ce ta zauna kusa da 'yarta ta riƙa yi mata fifita.