Kocin Jami'a da Na Kawo Mana

Ni na kawo shi, don haka ba ni da bakin zargin kowa.

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik kasuwa ta yi sanyi a Guangzhou. Biza ta yi wuya, masu zuwa sari daga gida sun ragu, mu da ke da ofis a ginin kasuwanci na Tianxiu sai zaman jiran waya. Ƙwallon ranar Lahadi ce ta rage mana. Ƙungiyarmu kuwa ba ta 'yan koyo ba ce. Mutum huɗu a cikinmu sun taɓa cin abinci da ƙwallo a Kano da Yamai da Kumasi kafin su koma harkar kwantena. Da aka shirya gasa tsakanin 'yan Afirka mazauna garin, sai muka ce muna bukatar koci.

A lokacin wani malami ya sauka a wurina, ya zo sarin rigunan wasa. Shekara da shekaru yana horar da ƙungiyar wata jami'a a gida, har hotunan kofuna ya nuna mini. Na kai shi gaban jama'a ina ta zuba masa kirari.

Ranar farko ya zo da usur da rajista. Ya jera mu, ya ce, "Yarana, daga yau ƙarfe shida na safe." Muka kalli juna. Ƙaraminmu yana da 'ya'ya biyu.

A sati na biyu golanmu ya makara. Alhaji ne ɗan Maradi, mai furfura a gemu, ya tsaya amsa wayar masu loda masa kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Koci ya duba agogo ya ce, "Tsallen kwaɗo, daga nan zuwa raga."

Alhaji ya ce, "Mi ka ce, Malam?"

"Tsallen kwaɗo. Doka ba ta san babba ba."

"Ɗana na fari yana jami'a. Shi za ka sa, ba ni ba." Ya cire safar hannu ya miƙa mini, ya tari tasi.

Na ja Koci gefe. Na ce, "Malam, ɗalibi yana tsoronka ne don ɗakin kwana da takardar shaida. Waɗannan me za ka hana su? Lallashi ake yi." Ya ce ai lallashi ne ya kashe ƙwallon ƙasarmu.

Sai ga maganar ɗan wasan gabanmu, mutumin Kumasi, wanda ya fi kowa sanin fili. Cikin ladabi ya ce tsarin da Koci ya zana yana bukatar masu gudu, mu kuwa gwiwoyinmu sun tsufa, gara mu riƙe ƙwallo. Koci ya ce shi ba a yi masa musu a gaban yara. Ya ajiye shi a benci ranar wasanmu da 'yan Gini.

Kafin hutun rabin lokaci an zura mana uku. Wanda ya tsaya a raga mai sayar da wayoyi ne, bai taɓa kama ƙwallo ba. Ni ina baya ina haki kamar zan amayar da huhu. A hutun Koci ya fito da ɗan allo yana zane, mutum biyu suna amsa waya, ɗan Kumasi yana cin gyaɗa. Ko Basinen da ke gadin filin sai da ya girgiza kai ya ce mini, "Laoban, meiyou," wato maigida, babu.

Jama'a suka ce tunda ni na kawo Koci, ni zan sallame shi. Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa, ga shi baƙona, tare muke cin abinci. Da na buɗe baki ya riga ni. Ya ce dama ya ajiye aikin, don ba zai ɓata sunansa da mutanen da ba su da tarbiyya ba. Ya ƙara kwana tara a ɗakina yana maimaita mini wannan.

Alhaji kuwa sai da na yi sawu uku zuwa shagonsa kafin ya dawo raga. Mun ci wasa ɗaya a sauran gasar, aka fitar da mu.