Ranar da na yafe ƙafar da ba tawa ba

Shekarun baya, wata ranar kasuwar Lolo, abokina ya goya ni a babur ɗinsa, da buhun albasa a tsakaninmu. Mun kusa shiga gari sai wata babbar mota da ta taso daga wajen Benin ta kwashe mu. Ni da yake mugun iri ba ya mutuwa da wuri, cikin rairayi na faɗa, na tashi ina neman hulata. Shi kuwa ƙafarsa ta hagu ta karye, har ƙashi ya leƙo.

Jama'a suka taru. Maimakon a ɗauke shi, sai aka buɗe shari'a. Wannan ya ce direba ya ci hannunmu, wancan ya ce mu muka shigar masa. Mutum kwance jini na zuba, ƙatti suna bin sawun taya!

A wurin 'yan sanda dattawan tasha suka kewaye ni. "Baba, kai na babba. Ƙaddara ta, ba a ja da ita. Direban ga yana da iyali." Ni kuwa a kira ni babba, ko gonata sai in bayar. Na gyara zaman riga na ce, "Mun yahe, duniya da lahira." Aka yi rubutu, ni da bokona ya tsaya a aji biyu na dangwala yatsa. Direba ya tada motarsa, mu muka nufi gidan mai ɗori a Zagga.

Sati uku ƙafa ta fara wari. Nan ne surukina, malamin makaranta, ya ce ai motar tana da inshora, kuma don irin wannan ranar aka yi ta. Wallahi ni duk zatona takarda ce ta nuna wa masu tare hanya.

Muka tafi ofishin masu inshorar a Birnin Kebbi. Wani mai kwat ya ce sai an tabbatar laifin direba ne. Na miƙa masa takardar da na dangwala wa yatsa ina ƙafafa. Ya duba ya ce, "Baba, nan an rubuta ku kuka shiga gabansa, kuma ba ku neman komai."

Na ce, "Yaro, ƙahwa na ruɓewa kana tambayar mai laihi? In ma mu mun ka yi kuskure, sai a bar mutum shi ruɓe?"

Ya ce haka tsarin yake. Kafin dangi su yi karo-karo a kai abokina asibiti, likita ya ce an makara. Aka yanke daga gwiwa.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Na ji a rediyo wai akwai ƙasashen da inshora ke fara yi wa mai rauni magani ba tare da tambayar wa ya yi kuskure ba, kuma wai wasu na son a soke. Masu ita, ku riƙe ta da haƙora. Mu ma a yi mana. Kuma ku dattawa irina, yafiya ta mai ciwo ce, ku bari ya farfaɗo ya yi magana da bakinsa.

Abokina bai taɓa zagina ba, da ya zage ni ma da na samu sauƙi. Sau ɗaya dai muna alwala, ina riƙe masa sanda, ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka yahe, ni an ka yanke. To gobe kiyama, ladar ta wa ta?"